Asuwakin Malam Alu da Haƙoran Duna

Ranar da Juwairiyya ta fara ganin Abdurrahim, tambayarsa ce ta sa ta ɗago kai. Ya tsaya gaban teburin babanta da ke jikin katangar masallaci a Agege, ya ɗauki asuwaki ya jujjuya, ya ajiye, ya ɗauki wani, sannan ya ce wanne ne ya fi taushi, wanda ba zai fasa dasashi ba.

Ta ce masa ai da haƙori ake tausasa asuwaki, ko a garinsu ba haka ake yi ba? Ya ce haka ake yi, amma wanda zai saya wa ɗin tsoho ne, ba ya iya tauna abu mai tauri.

Ta dube shi da kyau. Dogo ne, baƙi, ba wani kyau na a zo a gani ba, rigarsa sai ƙamshin ganyen goro take yi. Amma a Legas ɗin nan da kowa ta kansa yake yi, ga saurayi ya baro aikinsa da rana tsaka yana tonon tulin asuwaki saboda dasashin wani tsoho. Ta zura hannu can ƙasan kwali ta zaro masa ɗanye guda, siriri, wanda ta ware wa babanta.

"Allah Ya ba tsohon lafiya," ta ce.

Ya yi jim kamar zai faɗi wani abu, sai ya ce amin, ya tafi.

Maganar ta taɓa ta ne saboda tana da nata tsohon a gida. Malam Alu ya shekara talatin yana sayar da asuwaki da turare da carbi a wannan wuri, kowane asuwaki da jan zare a gindinsa don a san nasa ne. Amma tsufa bai duba sana'arsa ba, ya kwashe masa haƙoran tauna kaf. Ba ya yarda ya ci abinci a gaban mutane. Juwairiyya ce ke daka masa nama, ta jiƙa masa burodi a shayi, ta kai masa ɗaki ta saki labule. Teburin ma yanzu ita ke riƙe da shi, shi dai yana kan benci yana amsa gaisuwa.

Bayan kwana uku Abdurrahim ya dawo. Daga nan abin ya zama kullum, bayan la'asar, asuwaki ɗaya. Juwairiyya ba yarinya ba ce, ta san ko baki uku ne da tsohon ba zai cinye asuwaki kullum ba. Ta bincika a hankali, ta ji cewa ɗan Ƙaura Namoda ne, shi ke riƙe da makullin wani siton goro kusa da layin dogo, ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa. Ranar da ta gaji da jiran ya buɗe baki, ta rubuta lambarta a takardar da ta naɗe masa asuwakin.

Bayan magariba saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum Mai Asuwaki. Na buɗe takarda na ga abin da ya fi asuwakin daraja. Ni ban iya daɗin baki ba, goro na sani. Amma ina gane na kirki daga nesa, kuma ba na bari ya wuce ni."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta mayar.

"Wa alaikumus salam Oga Mai Goro. Ni ba goro ba ce, ba a ɓara ni a duba ciki. Ya jikin tsoho?"

"Da sauƙi. Yau ya ci abincinsa duka. Ke ce sila, Juwai."

Haka aka tafi wata biyar. Abin da ya gama saye ta ba wata kyauta ba ce babba. Ranar farko da ya durƙusa ya gaida Malam Alu, ya miƙa masa fararen goro manya. Malam ya yi godiya ya sa a aljihu, bai ci ba. Abdurrahim ya lura. Washegari ya zo da ƙaramin gwangwani, goron a gurje lukui, ya ajiye a gefen benci kamar mantuwa ya yi. Malam Alu ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ɗiba ya zuba a baki. Rabonsa da goro shekara huɗu. A gida ya ce wa Inna Azumi, mahaifiyar Juwairiyya, yaron nan yana da ido. Ba a yi wata ba ya ce Abdurrahim ya turo magabatansa.

A nan ne Ɗayyabu ya shigo. Cajar waya da kondo, wato rigar waya, yake sayarwa a bakin layin da siton yake, kuma shekara biyu yana bin Juwairiyya tana ce masa ya yi haƙuri. Da labarin turo magabata ya kai kunnensa, ya zo teburin da hantsi, ya tsuguna gaban Malam Alu, ya ce shi ba munafuki ba ne, amma akwai abin da Musulmi ba zai gani ya yi shiru ba. Ya miƙa waya, da wani bidiyo da ya ɗauka tun watannin baya ya ajiye.

Juwairiyya ta leƙa ta bayan kafaɗar babanta. Abdurrahim ne a bayan sito, a tsugune, kan wani baƙin kare a gwiwarsa. Ya ɗage leɓen karen da yatsa, yana goga masa wani abu a haƙora. Da mai ɗaukar ya matso da hoton, jan zaren ya fito sarai.

Malam Alu ya kalla sau biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya aika a kira masa Abdurrahim.

Da ya zo bai musa ba, bai kuma yi kwana-kwana ba. Ya ce sunan karen Duna. Na Baba Chuwang ne, wani mutumin Filato da ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadin siton tare da karen, ko ƙwarya ɗaya ta goro ba ta taɓa ɓata ba. Bara ciwon shanyewar jiki ya kama Baba Chuwang, 'ya'yansa suka zo mayar da shi gida, direban mota ya ce ba ya ɗaukar kare. A tasha, da hannun da ya rage masa mai motsi, dattijon ya damƙa wa Abdurrahim igiyar, ya ce kada ya bari a wulaƙanta shi. Abdurrahim ya ce ya karɓa. Bayan 'yan watanni Duna ya daina cin abinci, bakinsa na wari, dalala na zuba da jini-jini. Shi kuwa bai san wani abin tsabtace baki da ya wuce asuwaki ba.

"Sunnar Manzon Allah ka sa a bakin kare," Malam Alu ya ce. "Da zarena a jiki."

"Na yi kuskure, Baba. Ban yi don raini ba."

Ya ƙara da cewa a iya saninsa ba a hana ajiye karen gadi ba. Malam Alu ya ce kada ya koya masa karatu. Maganarsa ɗaya ce: ba zai ba da 'yarsa ga hannun da ke shiga bakin kare ba. Nan da Juma'a ya rabu da karen, ko ya rabu da maganar Juwairiyya.

Ita kuma abin da ya fi ci mata rai daban ne. Ta tuna ɗanyen asuwakin da ta hana babanta ta ba shi, da duk "ya jikin tsoho" da ta rubuta. Ta ji kamar duk Agege dariya ake yi mata. Ta rubuta masa:

"Ashe tsohon naka mai ƙafa huɗu ne. Wata biyar ina yi wa kare addu'a. Dama ba don ni kake zuwa ba."

Amsarsa ba ta daɗe ba.

"Ranar farko don shi na zo, ba zan yi miki ƙarya ba. Na so in faɗa miki, na ji tsoron ki daina ɗago kai ki dube ni. Laifina ne. Amma addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba, Juwai."

Ta kife wayar.

Ranar Laraba wata mata ta sauko daga okada a gaban teburin, da farar rigar aiki a cikin leda. Ta gaida Malam Alu da ladabi, ta ja Juwairiyya gefe. Ta ce ita ce Kachollom, 'yar Baba Chuwang, tana aiki a wani asibitin dabbobi. Da tana da wuri da ta ɗauke karen tun tuni, amma ɗaki ɗaya take haya kuma mai gidan ya ce ko kyanwa bai yarda ba. Tun Litinin Abdul ke yawo da ita gida-gida suna neman mai karɓa. Duk wanda ya ji shekarun karen sai ya ce a kai shi bola.

Ta ba ta labarin wautarsa tana dariya. Kafin asuwakin ma, makilin na mutane ya matsa wa Duna, kare ya haɗiye ya wuni yana amai, don kare ba ya tofarwa kuma abin da ke cikin makilin guba ne a cikinsa. Yana kuma ba shi dafaffen ƙashi daga wurin mai tuwo, wai don ya ƙarfafa haƙora, alhali shi ne ya tsaga masa guda biyu. Ya taɓa ɗauko reza zai kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran, Allah Ya sa ya buga mata waya tukuna. Likita ne ya yi wa karen allurar barci ya kankare, ya cire huɗun da suka ruɓe. Sauran aikin na gida ne, kullum, kuma a cewarta ko masu karnukan Ikeja da ke zuwa da mota ba su kai Abdul riƙo da shi ba.

"Asuwakin kuma ni na hana shi tun sati na biyu," ta ce. "Tsinkensa yana maƙalewa a dasashi. Na ba shi buroshi."

Juwairiyya ta ce sati na biyu? To wata biyar yana saye kullum, ina yake kai su?

Kachollom ta ɗaga kafaɗa. "Sai ki tambaye shi, sista."

Ranar Alhamis da yamma saƙonsa ya zo, mai tsawo.

"Juwai, na zaga ban samu mai karɓarsa ba. Wanda zai karɓa ba rainonsa zai yi ba, yanka shi zai yi. Idan na sake shi a titi da 'yan haƙoran da suka rage masa a baki, ba zai yi sati ba. Ina son ki fiye da yadda zan iya rubutawa, ko abinci ba na ci. Amma amana aka ba ni na ce na karɓa. In na yar da ita don in same ki, to mutumin da zai aure ki ba shi ne wanda kika sani ba. Ki gaida Baba. Goronsa yana wurin mai shayin bakin masallaci, na gurza."

Ta zauna bakin gado ta yi kuka, kuma ba na haushi kaɗai ba ne. Ta so ya zaɓe ta. Ta kuma san da ya zaɓe ta ta wannan hanya, da wani abu ya ragu daga ƙimarsa a idonta har abada. Ta kai wa babanta wayar, ta karanta masa. Ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Gobe zai mayar masa da gwangwaninsa hannu da hannu, ita ma ta shirya ta bi shi, ta ga hannun da take so ya riƙa miƙo mata abinci.

Da hantsin Juma'a suka isa siton. Ɗayyabu na ganin su ya bar shagonsa ya biyo su a baya. Suka iske Abdurrahim a bayan sito bai san da zuwansu ba. Ya cire rigarsa ta kirki ya rataye a ƙusa can nesa, ya sa wata tsohuwa da safar hannu ta roba. A gefensa akwai ƙaramar roba, da buta daban da ta alwala, da sabulu, da ɗan tulin ƙasa mai tsabta. Duna na kwance a kan buhu, gemunsa ya yi fari, ido ɗaya ya yi hazo.

Abdurrahim ya zabura zai tashi. Malam Alu ya ce ya ci gaba da abin da yake yi, shi kallo ya zo.

Ya koma ya tsuguna. Ya matsa man goge bakin karnuka a yatsa, ya bar Duna ya lasa tukuna. Sannan ya tallafi haɓarsa, ya ɗage leɓe ta gefe ba tare da ya wangale masa baki ba, ya sa ƙaramin buroshi yana zagayawa a hankali daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Inda aka cire haƙora ya ajiye buroshin, ya naɗa bandeji a yatsa ya shafa. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, sannu tsoho, saura kaɗan, kai ne jarumi. Amma idon Malam Alu a kansa ya sa ya danna buroshin fiye da yadda ya saba. Kare ya ji, ya fizge kai, buroshi ya faɗi, robar ruwan ta kusa kifewa.

Juwairiyya tun tana ƙarama take tsoron kare, ko haushinsa ta ji sai ta canza layi. Ba ta san lokacin da ta tattare mayafinta ta durƙusa ta riƙe robar ba.

"Ci gaba, Likita," ta ce. "Tsoho yana jira."

Ya dube ta sau ɗaya, ya ɗauraye buroshin, ya gama ɗaya gefen. Daga nan ya jawo kwano: shinkafa da dakakken nama, an jiƙa su da romo har sun yi laushi. Ya ajiye, ya juya wa karen baya. Malam Alu ya tambayi dalili. Ya ce tun da aka cire masa haƙoran ba ya son a kalle shi yana ci, abincin na zubowa ta gefe.

Malam Alu ya dubi kwanon. Juwairiyya ta ga ya sa hannu ya shafa kumatunsa da suka lotsa.

"Karen nan yana gadi yanzu?"

"A'a, Baba. Ko ɓera ba ya kora."

"To ba karen gadi ba ne ke nan. Amfanin me yake maka?"

"Babu. Ya yi nasa, shekara goma sha ɗaya. Yanzu namu ne ya rage."

Ɗayyabu ya sa baki, ya ce Malam dai ya gani da idonsa, kuma kada a manta da maganar asuwaki, wata biyar ana zuba su a bakin kare. Malam Alu ya ce haka ne, ina sauran? Abdurrahim ya cire safar, ya wanke hannu da ƙasa da sabulu har gwiwar hannu, ya canza riga, ya shiga sito. Ya fito da kwandon goro lulluɓe da sabon ganye, ya buɗe. Asuwaki ne jere a ciki, ɗauri-ɗauri, sun fi ɗari, kowanne da jan zarensa, ba wanda aka taɓa. A sama akwai wata takarda da ta sha ninki, da lambar waya a jiki.

Ya ce biyu ne suka shiga bakin Duna, kuma yana neman gafarar Allah da ta Malam a kansu. Sauran kuwa ya saya ne don bai san wata hanyar da zai tsaya gaban teburin ba.

Juwairiyya ta rufe fuska da mayafi. Malam Alu ya ce mata ta je ta wanke hannunta yadda ta ga an yi. Ya zaro gwangwanin da ya zo mayarwa, ya jujjuya shi, ya miƙa wa Abdurrahim.

"Ya ƙare. A cika shi."

Ya juya ya tafi. Sai da ya kai bakin layi ya waiwayo ya ce magabatan su zo ranar Lahadi. A gida ya ce wa Inna Azumi har yanzu bai yarda da abin da aka yi da asuwakinsa ba, kuma ba zai yarda ba. Amma shi ya san irin tsufan da ke jiran kowa. Yana so ranar da haƙoran Juwairiyya za su zube, ya kasance wannan yaron ne a kusa da ita.

Sharaɗi biyu ya kafa: kare ba zai shiga gidan aure ba, a sito zai ci gaba da zama, kuma kwandon nan ba zai tafi a banza ba.

Saƙon da Juwairiyya ta tura wa Abdurrahim ranar gajere ne.

"Likitana, an yafe maka. Amma daga yau asuwaki ɗaya a sati, ba na son almubazzarin miji."

"Na ji, Mai Asuwakina. Sauran kwana shidan da me zan fake?"

"Ba sai ka fake ba. Gida zan zo."

Aka ɗaura aure bayan wata biyu a masallacin da teburin ke jingine da shi. Bayan fatiha aka raba goro kamar yadda aka saba, sai kuma ga kwando na biyu, kowa aka miƙa masa asuwaki mai jan zare. Labari ya riga ya zaga Agege, don haka wasu suka riƙa jujjuya nasu suna ƙunshe dariya. Malam Alu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, shi da kansa ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Na Ɗayyabu da hannunsa ya ba shi, ya ce a riƙa tsabtace baki. Kachollom ta zo da tawagarta, ta buga wa Baba Chuwang waya aka sa a kunnen ango. Dattijon ba ya iya doguwar magana, albarka kawai yake ta sawa.

Inna Azumi ta yi musu addu'a da ta sa amarya hawaye: Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya tsufar da su tare, Ya sa kowannensu ya zama mai jiƙa wa ɗan'uwansa abinci.

Sati guda da biki, Abdurrahim ya zo gaida surukinsa bayan la'asar, ya ajiye gwangwani a gefen benci. Malam Alu ya tambayi amarya, ya tambayi kasuwar goro. Ya buɗe gwangwanin ya ɗiba, ya tauna a gabansa ba tare da ya kau da kai ba. Sannan ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi.

"Ya jikin tsoho?"